Hausar Dalu Ta Yi Tsafta Da Yawa

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Iya Tope ta buɗe shagonta a Layin Teloli na Anguwan Rogo a Jos, ta tarar da teburin kekenta tsirara. Ƙafafun ƙarfen suna nan, bel yana lilo, amma kan keken aikin wuyan da ta shekara huɗu tana tattalinsa kamar jariri ya yi ɓatan dabo. Ta ƙofar baya aka shiga. An kwance maƙalin kwaɗon da sukudireba, ba a fasa komai ba. Ihun da ta yi da Yarbanci ta fara shi, ta ƙarasa da Hausa, kafin ta rufe baki layin ya cika.

Ba a yi rabin sa'a ba aka gama shari'a. Teloli goma sha ɗaya ne a layin, sai mai gyaran keke guda, Chukwudalu, wanda kowa ke kira Dalu. Shi ne mai sukudireba, shi ne kuma Kiristan da bai je masallaci ba. Amma ba waɗannan ne suka fi ɗaure shi ba. Bakinsa ne ya ɗaure shi. Sakataren ƙungiyar teloli, Malam Ilu, ya karɓe makullin shagonsa a gaban jama'a, ya ba shi zuwa la'asar ɗin Asabar: ko keke ya fito, ko a miƙa shi caji ofis, kuma ya bar layin ke nan har abada.

* * *

Da hantsin Asabar wata budurwa ta tsaya a kan Baba Dantong a unguwar Laranto, inda yake zaune kan guntun katako yana shan kunu. Tsoho ne ɗan ƙabilar Berom daga wajen Kuru, ya haura sittin. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata a kan duwatsu, inda ko kare yakan rikice, daga baya ya yi gadi a wani kamfanin kuza har kamfanin ya mutu. Yanzu mutanen gari ke nemansa idan an yi sata kuma ba sa son ɗan sanda ya riga kowa shigowa.

Idanun budurwar sun kumbura, amma tsayuwarta ta mai shirin faɗa ce.

"Baba, ina kwana. Sunana Ulonma, ina sayar da atamfa a kasuwar Taminus. Wata biyu ya rage mu yi aure da Dalu. Idan ƙafarsa ya taka caji ofis, babana zai mayar wa danginsa da bammin neman aure da suka kawo. Na san babana. Abeg, Baba, ka zo."

"Zauna, 'yata. Wa ya gan shi da keken?"

"Ba kowa."

"An samu wani abu a shagonsa?"

"Sun juye shagon kaf. Ba komai."

"To me ya sa suka ce shi ne?"

Ta cije leɓe. "Sun ce Hausarsa ta yi tsafta da yawa."

Dantong ya ajiye kofin a hankali. Ya taɓa ganin an zargi mutum don ya sayi sabon takalmi, ya taɓa ganin an daki wani don ya yi dariya a gidan da aka yi sata. Yana tsammanin ya gama ganin wautar 'yan Adam, ashe Anguwan Rogo ta ajiye masa sabuwa fil. Ya ɗauki sandarsa, ya ja hular sanyinsa.

* * *

Malam Ilu siririn mutum ne mai tabarau, da biro uku a aljihun gaba, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ya ƙarar da guda. Ya tarbi tsohon da murmushin wanda ya riga ya san amsa.

"Baba, sannu da zuwa. Sai dai an wahalar da kai ne kawai. Ni na gama binciken nan tun jiya, a kimiyyance." Ya ɗaga wayarsa. "Masana sun tabbatar, harshen mutum shi ne hoton halinsa. Mutane iri huɗu ne. Akwai mai zubar da magana yadda ta zo masa, wannan zuciyarsa fara ce tas. Akwai mai tace magana kafin ta fito, wannan yana da ɗaki a cikinsa wanda ya kulle."

"Sauran biyun fa?"

"Ban kai wajen ba tukuna, data ta ƙare. Amma duba yaron nan. Shekara shida a layin nan ban taɓa jin ya yi ashar ba. Inyamuri ne fa, amma yana Hausa kamar mai karanta labarai a rediyo. Na tambaye shi jiya, ka ga wani? Ka san abin da ya ce? 'A iya sanina, ban ga kowa ba.' A iya sanina! Ka ji ƙofar gudu da ya bar wa kansa? Mai gaskiya rantsuwa zai yi, ya daki ƙirji."

Dantong bai dube shi ba. Ƙasa yake kallo. An yi ruwa jiya kafin sallah, ya ɗauke da wuri, ya bar jar laka mai laushi wadda ko kaza ta taka sai ta bar shaida. Irin ƙasar da mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi. Ga ta nan an tattake ta kamar filin dambe.

"Mutum nawa suka shiga lungun baya jiya?"

"Duk mun shiga," in ji Ilu da alfahari. "Ni na jagoranci tawagar."

"Na gani," in ji Dantong.

"Kai ma, Baba, na karance ka. Mai gajeruwar magana ne kai. Ina jin kana cikin iri na uku."

"Idan ka sa data ka gaya mini."

* * *

Iya Tope, wadda sunanta na yanka Monsurat, tana zaune a bakin shagonta, ɗaurin gelen da ke kanta ya karkace, ga tulin shadda a bayanta. Rigunan abokan ango ne guda arba'in, bikin ɗan wani Alhaji, kuma sati ɗaya ya rage.

"Baba, ni ban ce Dalu ne ba," ta ce tana share ido da bakin zane. "Yaron nan shi ke duba mini keken, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Amma Sakatare ya yi karatu. Kuma gaskiya, in Dalu yana magana sai ka rasa me yake tunani."

"Aikin nan fa, ya za ki yi da shi?"

"Allah ya saka wa Oga Gambo. Ya ce in kawo ya ƙarasa mini a tsohon kekensa, kada in ji kunya a wajen Alhaji. Shi ya koya mini ɗinki, Baba. Ubana ne a sana'a."

Ba a bukatar a nuna wa mutum shagon Oga Gambo, muryarsa ke nuna shi. Ƙato ne mai tumbi, tef a wuya, alli a bayan kunne, yana zagin wani mai shayi da ya kawo masa ruwan bunu ba siga.

"Kai, tsoho! Kai ne mai shinshina ƙasa? Shigo, shigo, kada ka taka mini yadi, don ubanka!" Ya fashe da dariya, teloli biyu na kusa suka taya shi. "Ni ka gan ni nan, abin da ke cikina shi ne a bakina. Tambayi kowa. Yarinyar nan Monsura, ni na koya mata riƙe almakashi, hannunta kamar na mai yanka kabewa. Yau ga ta da keken da ya fi nawa, manyan mutane suna wuce ƙofata suna zuwa wajenta. To ina ruwana? Allah ya ƙara!"

"A ina ka yi Juma'a?"

"Ruwa ya tare ni, na yi a masallacin bakin titi. Ka je ka tambayi liman ko ya ƙirga mu!" Aka sake dariya. Sai ya rage murya kaɗan. "Amma ni na gaya wa Ilu, maganar 'yan sanda ba ta taso ba. A kori ɗan banzan yaron kawai, ya tafi da Hausarsa ta rediyo. Ina amfanin kulle shi?"

Ɗaya daga cikin telolin ya girgiza kai cike da sha'awa. "Ka ji Oga. Baki da zafi, zuciya kamar auduga."

Dantong ya dubi mai maganar kamar yadda ake duban akuyar da ta ci sabulu, ya fita.

* * *

Dalu yana zaune a kan benci a gaban kullallen shagonsa, can ƙarshen layi. Saurayi ne dogo, farcensa baƙi da man inji, rigarsa a goge. Ulonma ta tsaya a bayansa, hannunta a kafaɗarsa, tana hararar duk wanda ya gifta. Dalu ya miƙe ya rusuna, ya koma ya zauna.

"Barka da hantsi, Baba. Na gode da ka taso saboda ni."

"Ina kake lokacin sallah?"

"Ina cikin shago. Sanyi ya yi yawa, sai na tura ƙofa. Ina gyaran wani keke, injin yana ƙara. Ban ji komai ba, kuma ba zan ce na ji abin da ban ji ba."

Kowace kalma ta fito cikakkiya, a wanke, da ɗan tsayawa tsakaninta da 'yar'uwarta. Lallai akwai daɗin ji. Amma Dantong ba kunne ya kawo ba, ido ya kawo, kuma idon yana kan hannun yaron. Babban yatsansa yana bugun gwiwa a ɓoye, bugu ɗaya ga kowace kalma, kamar mai ƙirga matakala a cikin duhu.

"Tun yaushe kake da i'ina?"

Yatsan ya tsaya cak. Dalu ya dubi layin da sauri, ya dubi ƙasa.

"Tun ina yaro. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Bahausa, ita ta riƙa zaunar da ni. Ta ce in gina magana a cikina tukuna, in fito da ita ɗaya bayan ɗaya. Idan na yi sauri, ko na yi fushi, sai ta karye. Shi ya sa ba na zagi, Baba. Ba na iya kai shi ƙarshe."

"A layin nan ba wanda ya sani," in ji Ulonma. "Ranar da ya fara cewa yana sona, a gaban tebur ɗina, sai da ya yi minti biyu a kan sunana kawai. Kwastoma uku suka tafi. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar wannan minti biyun ba."

Tsohon ya kawar da kai, don ba ya son a ga fuskarsa ta yi laushi. Ga ɗakin da Malam Ilu ya ce an kulle. Ya buɗe shi, bai tarar da komai ba sai yaro mai tsoron a yi masa dariya.

* * *

A bakin lungun baya, inda ƙafafun tawagar Sakatare suka ƙare, akwai sawun baro mai taya ɗaya, ya nutse sosai, alamar kaya mai nauyi. Dantong ya bi shi, Ulonma tana biye. Sawun ya ratsa kwata biyu, ya zagaya bayan wani injin niƙa, ya kai su har ƙofar wani gida. Sa'a guda cur suka ɓata kafin su samo mai baron, wani mai suna Okey, yana cin masara a gindin mangwaro.

"Oga, dankali ne o! Buhu biyu na Hajiya. Je ka duba kicin ɗinta, har yanzu bai biya ni ladan tsallake kwata ba."

Dankali ne kuwa. Ulonma ta zauna a kan dutse ta rufe fuska. Azahar ta gota.

Dantong ya koma bakin lungun shi kaɗai, yana jin haushin kansa. Ya bi baro saboda shi ya ɗauka ɓarawo zai nemi sauƙi. Amma wanda ya san layin ba zai kira mai baro ya zama masa shaida ba. A kafaɗa zai ɗauka. Sai ya daina kallon ƙasa, ya ɗaga ido zuwa bango.

Ga shi nan kuwa. A wani siririn lungu da ya ɓalle hagu, wanda mutum biyu ba sa iya giftawa, akwai ƙarzar ƙarfe a jikin jar katanga, daidai tsayin kafaɗa, da ɗan fenti ruwan toka a cikinta. Taku goma gaba, wata. A ƙarƙashin indararo, inda tawaga ba ta kai ba, sawun silifa ne irin wanda rabin Jos ke sawa, ƙafar dama ta fi nutsewa. A kusurwa mai sawun ya tsaya ya sauya kafaɗa, ƙarzar ta koma ɗaya bangon. Bai yi waige ba, bai yi gudu ba, bai ɓata hanya ko sau ɗaya ba.

Lungun ya ƙare a wani kango da aka gina jikin ƙaton dutse aka watsar, rabin rufin kwano ya rufta. A can ciki, a kan bulo biyu don kada damshi ya taɓa shi, an lulluɓe wani abu da leda an ɗaure tsaf.

Ya kwance. Keken ne, yana ƙyalli. An goge shi, an ɗiga masa mai a kowace gaɓa. A ƙarƙashin allura kuma, an sauke ƙarfen da ke danne yadi a kan wani ɗan ƙyalle.

Ulonma, wadda ta biyo shi a guje, ta yi tsalle tana kiran sunan Yesu. Dantong bai taya ta ba. Ya zaro ƙyallen, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Shadda ce ruwan hanta, an yanke ta kamar rabin wata, da layin alli a gefenta.

"Kada ki yi murna tukuna, 'yata. Za su ce mai gyara ne ya shafa man."

* * *

Haka kuwa suka ce. Da aka idar da la'asar layin ya taru a ƙofar Iya Tope, aka ɗora keken a kan tebur. Ita ta rungume shi tana kuka. Malam Ilu ya gyara tabarau, ya shinshina, fuskarsa ta yi haske.

"Jama'a, ku ji ƙamshin mai! Wane ɓarawo ne zai saci keke ya yi masa sabis, in ba mai gyara ba? Mai tace magana shi ne mai tace aiki, haka binciken ya nuna. Dalu, tashi ka yi wa mutane bayani, da Hausar nan taka mai daɗi."

Dalu ya tashi. Idanu sun fi talatin a kansa. Yatsansa ya nemi gwiwa, a tsaye yake, bai same ta ba.

"Ni ba... ba... b-b-ban..."

Wuyansa ya ɗaure, jijiyoyi suka fito. Wani ya yi dariya a baya, wasu suka kama.

"Kun gani?" Ilu ya ɗaga yatsa. "Rediyo ta lalace! Gaskiya ta kama harshen!"

"Jiya laifinsa bai yi tuntuɓe ba," in ji Dantong. "Yau laifinsa ya yi. Sakatare, zauna, ka huta da kimiyya."

Bai ɗaga murya ba, amma dariyar ta mutu. Ya juya ga Iya Tope, ya nuna mata ƙyallen.

"Wannan a ƙarƙashin allura na same shi. Ke kika sa?"

"A'a, Baba. Ni ba na sawa, mantawa nake yi. Tun ina koyo Oga yake zagina a kai, wai ƙarfe ba ya kwana a kan ƙarfe, sai an..." Idonta ya sauka a kan Oga Gambo. Bakinta ya zauna a buɗe.

"Duk tsohon tela yana yin haka!" Gambo ya daka tsawa. "Wallahi tallahi, in ana neman wanda za a yi wa sharri..."

"Gaskiyarka, Oga. Kowa na iya yi. Ɓarawon ya gama shafa mai, ya ga allura tsirara, hannunsa ya shiga aljihu da kansa, ya ɗauko abin da ya samu." Dantong ya ɗaga ƙyallen sama. "Ni ba tela ba ne. Ku gaya mini, daga ina ake yanke rabin wata irin wannan?"

"Wuyan riga," in ji murya uku a tare.

"To mai gyaran keke ba ya yanka wuya. Duk mai shadda ruwan hanta a shagonsa ya fito da ita."

Aka fito da uku. Ta farko ba a ma yanka ta ba. Ta biyu wuyanta ƙarami ne, na yaro. Ta uku sai da wani ya shiga shagon Gambo ya ɗauko ta daga rataya, don mai shagon ya ƙi motsi. Dantong ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ɗora ƙyallen a gurbin wuyan. Ya zauna daram. Layin allin da ke kan ƙyallen ya haɗu da na rigar, har wata 'yar karkata da almakashi ya yi ta sami 'yar'uwarta.

Gambo ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin mahaifiyarsa, ya zagi Dantong, ya zagi Berom da Inyamurai da Yarbawa a numfashi ɗaya. Tsohon ya bar shi har ya gaji, sannan ya ce, kamar mai magana da kansa:

"Ni abin da ya ba ni mamaki, ɓarnar mai. Wawa ne kawai zai zuba wa keken sata mai haka."

"Wawa? Kangon nan yoyo yake yi, jahili! Kwana bakwai a cikin damshi, ka san abin da tsatsa za ta yi wa..."

Ya tsaya. Amma maganar ta riga ta fita, yadda ta zo masa.

Iya Tope ta zame ta zauna a ƙasa. "Oga," ta ce. "Oga mi, ubangidana. Kwana bakwai. Sai biki ya wuce ke nan."

"Da zan dawo miki da shi," in ji Gambo, muryarsa ta koma ƙarama kamar ba tasa ba. "Riga arba'in, Monsura. A gabana Alhaji ya wuce. Ni na koya miki."

Sai ga abin da Dantong ya san zai biyo baya, don ya sha gani. Bakunan da suka ba Dalu kwana ɗaya suka fara laushi. A rufa asiri. Sharrin Shaiɗan ne. Oga babba ne a layi, ƙungiya za ta zauna a cikin gida. Ba wanda ya ambaci caji ofis. Telan da ya ce zuciya kamar auduga ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin benci, bai kuwa yar da komai ba.

Malam Ilu ya yi gyaran murya. Ya matso kusa da Dantong, waya a hannu.

"A gaskiya, Baba, in aka duba da kyau, binciken bai yi kuskure ba. Mai yawan rantsuwa ma akwai abin da yake rufewa. Wataƙila shi ne iri na huɗu. Kai a ganinka, wane irin mutum ne Oga Gambo?"

Dantong ya dube shi tun daga tabarau har silifa.

"Tela ne," ya ce. "Ba wa yaron makullinsa."

Ilu ya laluba aljihu, biro ɗaya ya faɗi a laka, ya zaro makullin ya miƙa ba tare da ya ɗaga ido ba. Dalu ya karɓa da hannu biyu. Ya ja numfashi, ya fara gina magana a cikinsa, ana ganin leɓɓansa suna shirya ta.

"Jama'a, ina so in yi... godiya ga..."

Ulonma ta kama hannunsa, ta juya shi ya ba taron baya.

"Ba wanda za ka yi wa godiya a layin nan sai Baba, shi kuma ya riga ya ji. Ajiye Hausarka, akwai ranar da nake bukatarta a coci. Je ka buɗe shagonka."

Ya tafi ya buɗe. Ƙarar kwaɗon ta kai har ɗaya ƙarshen layin, saboda a karon farko tun jiya, ba mai magana.